Wai wane ne Sambon da aka binne a Sunderland Point?

Sadiƙ Lancaster:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wani ɗan ƙauye nan kusa damu a arewa maso yammacin Ingila sunansa Sunderland Point, daidai inda kogin Lune yake faɗawa teku a Morecambe Bay. Gidajen garin duka duka basu kai arba'in ba, ba shago ba kasuwa, layi biyu ne na gidajen dutse suna kallon kogi shikenan. Hanyar mota ɗaya ce tal take shiga daga wani gari Overton, ta ratsa tsakiyar fadama, kuma idan teku ya kawo ruwa sai ya shanye hanyar gaba ɗaya, na ciki yana ciki na waje yana waje har sai ya janye. Amma ba wannan ne ya sa na kawo maganar ba. A bayan garin can bakin gaɓa akwai kabari guda ɗaya shi kaɗai a gefen makiyaya, na wani baƙar fata da ya rasu wajen 1736, kuma sunan da ake kiransa Sambo. Eh Sambo dai da kuka sani. Labarin da ake bayarwa wai yaron wani mai jirgin ruwa ne, sun iso daga tsibiran Karebiyan uban gidan ya barshi a masauki ya wuce Lancaster harkokinsa, shi kuma baya jin yaren kowa sai ya ɗauka an yar dashi ne, ya haye wani ɗakin sama ya ƙi ci ya ƙi sha har rai yayi halinsa. Da yake ba'a ɗauke shi Kirista ba basu kaishi maƙabartar coci ba, nan bakin ruwa aka haƙa rami aka sa shi. Toh tambayata musamman ga su Malam Jauro, anya wannan ba namu bane?

Dan Zango Kumasi:
wa alaikumussalam. Sunderland dai ta Asamoah Gyan? ai mu nan har yau akwai masu son kulob din tun 2010 da ya je, Muntari ma ya dan zauna aro. ban taba jin ruwa na rufe musu hanyar filin wasa ba 😂

Sadiƙ Lancaster:
Haba Ɗan Zango kai komai ƙwallo. Waccan babban birni ce a gabas bakin kogin Wear, wannan a yamma take, faɗin ƙasar gaba ɗaya ne tsakaninsu. Nan da ƙyar in za'a haɗa 'yan wasa sha ɗaya

Abdu Maraɗi:
Allahu akbar. Sambo kuma mi ya rage a tambaya? Wanga namu na, in ba Bahillace ba Bahaushe na. Allah shi jiƙan shi. An ɗauke ɗiyan mutane an kai su ƙasar sanyi sun mutu babu ko mai yi musu salla

Injiniya Kabiru Fatakwal:
Kafin a nutsa cikin zancen Sambo bari in yi bayanin ruwan nan don nasan wasu zasu ɗauka ambaliyar damina ce. Ba ruwan sama bane. Teku yana cika ya janye sau biyu a kwana, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, shi yasa kullum lokacin yake matsawa gaba da kusan minti 50. Wata ne yake jan ruwan, rana tana taimaka masa. Idan wata ya tsaya da kuma wajen daren sha huɗu, lokacin rana da wata da duniya sun yi layi ɗaya, cikar tafi ƙarfi, a kwanakin ne hanyar tasu take nutsewa na awanni. Wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu kuma cikar ba ta da ƙarfi wani sa'in ma ba ta hawa kan kwaltar. Wato mutumin da ke lissafin watan Musulunci zai iya ƙiyasta ranakun da hanyar tafi haɗari ko bai duba jadawali ba. Mu nan wajen Bonny bambancin cika da janyewa wajen mita biyu ne, Morecambe Bay kuwa yana kai mita 10, ga wurin a shimfiɗe yake, ruwan baya zuwa ta gabanka kawai, ta cikin kwazazzabai yake zagayowa ya tare ka ta baya kana tsaye kana kallon gaba.

Hajiya Maman Ilham Preston:
Wallahi Injiniya gaskiyarka. Ranar 5 ga Fabrairun 2004 a wannan gaɓar ce ta Morecambe 'yan China 23 suka halaka, an kaisu da yamma tonon wani ƙaramin naman ruwa mai ɓawo da yake cikin yashi, dare yayi ruwa ya zagaye su. Bayan nan ne aka yi dokar da ta tilasta wa dillalan lebura na gona da na bakin teku yin lasisi. Ba daidai Sunderland Point bane, can sama ne wajen Hest Bank, amma ruwan ɗaya ne. Sadiƙ ɗana kada ka kuskura ka ja yaran mutane zuwa can ba tare da ka duba lokacin ruwa ba, kuna ganin kwalta a bushe ku ce ai zamu wuce da gudu

Sadiƙ Lancaster:
In sha Allah Hajiya. Akwai allon gargaɗi ma tun daga Overton, kuma duk da haka ba'a rasa masu shiga da mota sai anzo ceto

Malam Jauro Yola:
Sadiƙ na ga kiranka. Abdu kuma Allah ya karɓi addu'a, amma mu bi a hankali. Gaskiya ne Sambo sunanmu ne, a wajen Fulani ɗa namiji na biyu ake kira haka, can yamma wajen Senegal da Gambiya su ce Samba, kuma Hausawa sun ɗauka tuntuni. Sai dai Turawan wancan zamani sun mai da sunan abin liƙa wa duk baƙin da suka mallaka, daga baya ma ya zama zagi a bakinsu, ga kuma Sifaniyawa da ke da kalma mai kama da ita da suke kiran ruwa biyu. Saboda haka sunan kaɗai baya tabbatar da cewa uwarsa ce ta raɗa masa.

Sannan a duba shekarar. 1736 fa ake magana, kusan shekara saba'in kafin jihadin Shehu na 1804. Hausawa da yawansu sun faɗa cinikin Atlantika ne daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, ta hannun Oyo zuwa gaɓar Legas da Badagry da Ouidah, kuma akasari Bahia ta Barazil aka kaisu, shi yasa zaka ji sunan Hausawa a yunƙurin tawayen 1807 can, ka ji Musulmi a babban tawayen 1835. A 1736 in har mutumin nan daga Afirka ta Yamma aka ɗauko shi da sunansa, to hankali yafi karkata ga yankin kogin Gambiya da Futa, don jiragen Ingila suna ɗiba a nan a lokacin kuma yaƙin Futa Jalo ya fara tun wajen 1725 ana ta kama mutane ta kowane ɓangare.

Kuma muna da shaida cewa Fulani sun shiga jiragen Ingila a daidai waɗannan shekarun. Ayuba Sulaiman Jallo ɗan malami ne daga Bundu da ke ƙasar Senegal ta yanzu, aka kama shi a bakin kogin Gambiya aka sayar, aka kaishi gonar taba a Maryland ta Amurka, ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa da Larabci wasiƙar ta faɗa hannun manya a Landan, aka fanshe shi ya iso Ingila 1733, ya koma gida 1734. Har zanensa aka yi da Alƙur'ani rataye a wuyansa, wani William Hoare ya zana. Kun ga shekara biyu uku ne tsakaninsa da Sambo. Ɗaya yana da ilmi da alƙalami aka san sunan ubansa da garinsu, ɗayan ba wanda ya rubuta daga ina ya fito, shekarunsa nawa, ko sunan jirgin da ya kawo shi.

Abdu Maraɗi:
To ai ka gani Malam, kai da bakinka ka ce Bahillace na

Malam Jauro Yola:
Ban ce ba Abdu 😄 na ce yana yiwuwa. Rubutun da ke kan kabarin cewa yayi ya biyo uban gidansa daga tsibiran Karebiyan, to ai ana iya haifarsa a Jamaika ko Barbados bai taɓa ganin Afirka ba

Ummi K:
Ni duk ba zancen ƙabilarsa ne ya dame ni ba, labarin kansa ne bai shige ni ba. Wai bawa ya mutu don kewar wanda ya mallake shi? Waye ya faɗa? shi dai baiyi magana da kowa ba tunda an ce baya jin yarensu, to waye ya shiga zuciyarsa ya gano kewa ce? Mutum ya kwashe makonni a teku daga ƙasar zafi ya sauka a wannan sanyin da iska, jikinsa bai san cututtukan wurin ba, ya kwanta ya kasa cin abinci ya mutu, ai wannan kowace nas zata gaya maka ciwo ne, ko ba haka ba Hajiya? Amma sai aka juya shi ya zama labarin biyayya don ya yi wa masu bayi daɗin ji

Hajiya Maman Ilham Preston:
Haka ne 'yata, mai zazzaɓi mai zafi ko ciwon huhu baya iya cin abinci, kuma su kansu masu tarihin yankin da yawa abinda suke cewa kenan

Sadiƙ Lancaster:
Ummi bari in ƙara miki wani abu da zai ƙara tunzura ki. Kabarin shekara sittin yayi ba ko alama. Sai 1796 wani limamin coci James Watson, tsohon hedimasta na makarantar Lancaster, ya tara kuɗi wajen masu zuwa shan iska ya sa aka yi allon ƙarfe da waƙa a kai. A allon ma Samboo aka rubuta da o biyu, aka kira shi baƙi mai amana. Waƙar ta ƙare da cewa ranar hisabi Mai shari'a ba launin mutum zai duba ba sai darajar zuciyarsa. Magana mai kyau ko? To ɗan uwan shi wannan Watson ɗin, William Watson, yana cikin manyan masu fataucin bayi na Lancaster. Shi kuma dogon labarin na ƙin cin abinci a wata mujallar yankin ya fito a 1822, shekara 86 bayan mutuwar

Ummi K:
Kaji ko!! shekara 86. Duk wanda ya ganshi da ido ya mutu kafin a rubuta. Wa yana rubuta waƙar tausayi ƙani yana loda mutane a jirgi, ko ƙanin ne ke waƙar oho, gida ɗaya dai

Malam Jauro Yola:
Ummi kada ki yi saurin yanke wa limamin hukunci. 1796 lokacin ana tsakiyar rigimar hana cinikin ne a Ingila, an kafa ƙungiyar masu yaƙi da shi tun 1787, majalisa bata hana ba sai 1807. Mutumin da yake zaune a garin da arzikinsa ya dogara da wannan ciniki, ɗan uwansa na ciki dumu-dumu, ya fito ya kafa rubutu cewa Allah baya duba launi, ba ƙaramin abu bane a wurin. Ba don shi ba da yau ba wanda ya san akwai kabari a can

Ummi K:
Na yarda Malam amma ka lura da wanne irin baƙi ya zaɓa ya yaba, mai amana. Da wanda ya gudu ne ko ya ɗaga hannu ya rama ai ba zai samu allo ba

Dan Zango Kumasi:
ni tambayata daban ce. me ya kai jirgin Karebiyan wannan kauyen da ko shago babu? ba Liverpool ce tashar ba?

Injiniya Kabiru Fatakwal:
Yauwa wannan fannina ne. Lancaster tana 'yan mil kaɗan a cikin kogi, shi kuma Lune kogi ne mai yashi da laka, babban jirgi mai kaya baya iya hawa sai ruwa ya cika sosai. To sai jirage su tsaya a bakin kogin su jira, ko a sauke kayan a ƙananan kwale-kwale a ƙarasa dasu. Wani ɗan kasuwa Robert Lawson ya ga kuɗi a wannan jiran, farkon shekarun 1700 ya gina sito-sito a Sunderland da maƙerar anga da wurin tufka igiyar jirgi, duk abinda jirgi ke buƙata kafin ya sake fita. Kayan da ake saukewa sukari ne da giyar rake da taba da auduga da katakon mahogani. Shi Lawson ɗin ya karye a 1728 amma tashar ta ci gaba da aiki. Abinda ya kashe ta shine Lancaster ta gina nata bakin jirgin St George's Quay a shekarun 1750 da gidan kwastan a 1764, sannan aka buɗe Glasson Dock a ɗaya gefen kogin a 1787, wadda ke da ƙofa tana riƙe ruwa jirgi yana shawagi ko teku ya janye. Wa zai ajiye jirginsa a kan laka bayan ga inda zai tsaya a ruwa? Daga nan garin ya mutu murus har matuƙa jirgi suka riƙa yi masa laƙabi da tsinin yunwa. Sito-siton ne aka mayar gidajen kwana, sune layi biyun da Sadiƙ yake faɗa

Sadiƙ Lancaster:
Sosai. In ka kalli wasu gidajen zaka ga tsayinsu da faɗinsu ba na gidan masunci bane. Daga baya a farkon ƙarni na 19 sun ɗan farfaɗo da masu zuwa wankan teku don lafiya, sannan Morecambe ta taso da jirgin ƙasa ta kwashe su. Akwai wani tsohon gida can ƙarshen tsinin mai ɗauke da shekarar 1683, ya girmi tashar ma. Sai ƙaramar coci ta 1894 a kan lungun da ake bi zuwa kabarin. In ka tsaya bakin ruwa kana hango hasumiyar fitilar jirage ta Plover Scar ta 1847 a tsakiyar bakin kogin, wadda wani jirgin kaya ya daka a 2016 sai da aka sauke samanta dutse bayan dutse aka sake jerawa, bayanta kuma kufan gidan ibadar Cockersand da sarki Henry na takwas ya rufe a 1539, ana ma cewa da duwatsunsa aka yi wasu gine-ginen Sunderland. Ka juya arewa kuma sai ga tashar wutar nukiliya ta Heysham tsaye ƙerere ta ɓata hoton gaba ɗaya

Hajiya Maman Ilham Preston:
Ka manta bishiyar auduga. Da akwai wata tsohuwar bishiya jikin wani gida da suke kira haka, wai daga irin da ya faɗo daga dilar auduga ta tsiro, har suna alfahari wai a nan aka fara sauke auduga a Ingila. Ashe ba auduga bace, wata bishiyar ƙasarsu ce da take fitar da farin kaɗa yana tashi a iska kamar na rimi. Guguwa ta kayar da ita ranar 1 ga Janairun 1998. Kunga ko bishiya sai da aka ƙirƙira mata labari a garin nan balle mutum

Ummi K:
Hajiya kin gama magana 👏

Alhaji Tanko Fagge:
Ina ta karantawa tun ɗazu. Ni fa wani abu ke bani mamaki da ku 'yan boko, laifi tudu ne. Kun taru kuna jimamin bawa ɗaya da ya mutu a Ingila shekara kusan 300, su Turawan ma sun san inda kabarinsa yake yara na kai masa fure. Mu fa? Nan Kurmi an sayar da mutane, ayari na ɗaukarsu ta Agadas da Ghat zuwa Tarabulus, wasu su ƙare a rinji suna noma. Ba'a soke bauta gaba ɗaya a Arewa a doka ba sai 1936, kakannin wasunmu sun ga abin da idonsu. Ku nuna min kabari ɗaya na bawa da muka kewaye muka rubuta sunansa. Shi Ayuban da Malam Jauro yake yabo, Malam faɗa musu me ya kaishi bakin kogin Gambiya

Malam Jauro Yola:
Ranka ya daɗe ba zan ɓoye ba, bayi biyu na mahaifinsa ya je sayarwa, a hanyar dawowa aka kama shi aka sayar wa jirgin da ya yi ciniki dashi. Haka tarihin yake

Alhaji Tanko Fagge:
To alhamdulillahi

Ummi K:
Baba Alhaji da girmanka amma wannan ba amsa bace. Don mun yi namu sai mu yi shiru da nasu? Ai duka biyun za'a faɗa. Kuma nasu ba bawa ɗaya bane, Lancaster ita ce ta huɗu a Birtaniya a wannan ciniki bayan Liverpool da Landan da Bristol, jiragenta sun kwashi mutane kusan 30,000. Ƙaramin gari fa. Kuma da aka soke bautar a 1833 fam miliyan 20 gwamnati ta biya, masu bayin aka biya ba bayin ba

Alhaji Tanko Fagge:
'Yata ban ce ayi shiru ba. Cewa nayi in zaku je ku yi kuka a kabarin Sambo ku dawo ku tambayi tarihin gidajenku. Har yau akwai inda ake hana aure a ce wane jinin bayi ne, ƙarya nake?

Abdu Maraɗi:
Wanga gaskiya ta Alhaji. Nan Nijar sai 2003 aka sa dokar hukunta mai riƙe bawa, kuma kowa ya ji shari'ar bauta da kotun CEDEAO, wato ECOWAS, ta yanke a 2008

Admin Garba:
Jama'a a ci gaba amma a kiyaye, kada wani ya kira sunan gida ko zuri'ar kowa. Wanda yayi zan goge

Sadiƙ Lancaster:
Baba Alhaji maganarka ta shige ni, amma bari in gyara abu ɗaya, kada a ɗauka Turawan nan sun daɗe da fuskantar abin. Birnin Lancaster bai kafa abin tunawa da waɗanda jiragensa suka kwasa ba sai 2005, wani mai sassaƙa Kevin Dalton-Johnson yayi shi a bakin kogi kusa da tsohon gidan kwastan, wanda yanzu gidan tarihin harkar teku ne. Kafin nan abinda ake nuna wa baƙo kyawawan gidajen 'yan kasuwa ne da kujerun kamfanin Gillow, ana yabon katakon ba'a cewa wa ya sare shi a dajin Jamaika. Kabarin Sambo yafi sauƙin ziyarta a wajensu don labarinsa ba mai laifi a ciki, uban gida ya tafi unguwa yaro ya mutu don so. Jerin sunayen jirage da kyaftin da adadin mutanen da kowanne ya ɗauka shi ne mai nauyi

Malam Jauro Yola:
Wannan ita ce maganar. Ga wani abu kuma, shi Lawson mai tashar ɗan ɗariƙar Quaker ta Kiristoci ne, mutanen da aka sani da jagorancin yaƙi da bauta, amma a Lancaster har cikinsu an samu mai jiragen bayi, Dodshon Foster. Sai 1761 taronsu na Landan ya yanke cewa duk mai wannan ciniki a fitar dashi daga jama'a. Ko'ina dai in riba ta yi yawa fatawa takan makara

Hajiya Maman Ilham Preston:
Ni dai zan faɗi alherin mutanen ƙauyen na yanzu, su suke share wurin, 'yan makaranta suna zuwa da duwatsu da suka yi wa fenti da saƙonni su ajiye. Da teku ya fara cin gaɓar an gina katangar dutse ta kare kabarin, kusa dashi kuma aka yi wani ɗan ɗakin dutse a 2019, Chris Drury ya tsara, in ka shiga ka rufe ƙofa akwai gilashi a bango da yake jefo hoton teku a juye cikin duhu. Yarana sun fi son wannan akan komai. Kuma har yanzu akwai al'adar kamun kifin da mutum ke shiga ruwa har ƙirji riƙe da koma mai katako yana jiran kifi ya faɗo, sun ce tun zamanin 'yan Viking, tsoffin mayaƙan teku na arewacin Turai, suka gada

Dan Zango Kumasi:
har kirji a wannan sanyin? Allah ya kyauta, gara in sayi na gwangwani

Abdu Maraɗi:
To ni dai ban janye ba. In Sadiƙ ya koma shi yi mai addu'a, in Musulmi na ta same shi

Malam Jauro Yola:
Wannan sai a tambayi malaman fiƙihu Abdu, ni malamin tarihi ne. Sadiƙ abinda nake so kayi min, ka je wajen wancan abin tunawa na bakin kogi ka ɗauko hoton jerin jiragen yadda sunan kyaftin da shekara zasu fito sosai. Akwai rumbun bayanai a intanet, SlaveVoyages, da ya tattara tafiye-tafiye sama da 30,000, in muka sa sunan jirgi zai nuna inda ya yi lodi da inda ya sauke. Jiragen Lancaster ƙanana ne shi yasa suka fi shiga kogin Gambiya da gaɓar Saliyo inda manya basa iya kutsawa, ina so ɗalibaina su gani da idonsu

Sadiƙ Lancaster:
An gama Malam, ranar Asabar in Allah ya kaimu. Rubutun a jikin ƙarfe yake yana ƙyalli, sai dai in ɗauka kashi-kashi

Ummi K:
ka turo nan group ɗin ma ba Malam kaɗai ba

Alhaji Tanko Fagge:
A turo. Ni kuma zan nemo muku wani dattijo a Kurmi da ya san inda ake tsayar dasu, sai Malam Jauro ya shirya tambayoyinsa